Sunan da Ban Faɗa wa Malam Lawali Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sa tafiyar da za ki yi jibi zuwa Yamai ta zama ta alheri, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya sa aikin farmasin da kika samu ya zame miki abinci na halal. Amin.

Na san za ki yi dariya. Tsakanin ɗakina da naki ban da tsakar gida da igiyar shanya babu komai, amma ga ni ina rubuto miki takarda kamar wadda take Makka. To ya zan yi? Ke ɗiyar fari ce. Tun da aka haife ki ban taɓa zama na dube ki ido da ido na yi doguwar magana da ke ba, domin kuwa haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi da 'ya'yansu na fari. In ina da saƙo ƙanwarki Nana ce manzo, in kina da amsa ita ce dai. Wannan magana kuwa ta fi ƙarfin bakin Nana, don kafin ta tsallaka tsakar gida ta zubar da rabi, ta ƙara wa sauran gishiri. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba irin naku na jami'a ba.

Maganar hannun jarinki ce. Kin ce tunda Malam Lawali zai ajiye aiki ya koma gida Tibiri, gidan dillancin da yake wakilta kuma ba su da niyyar sa wani a madadinsa nan Maraɗi, gara ki kwashe hannun jarin ki mayar wani gida a Yamai, inda za ki riƙa ganin komai a wayarki. Ban ga laifin wannan ba. Kin girma, dukiyarki ce, kuma ya kamata ta bi ki inda za ki zauna. Kin buɗe kwanti, wato asusu, a sabon gidan da katinki na ɗan ƙasa, sun aika wa tsohon gidan a turo musu kayan, sai amsa ta dawo cewa ba su san mai sunan da ke kan katin ba. Wadda suka sani Uwani ce. Nana ta gaya mini kin yi fushi, kin ce tsufa ya cim ma Malam Lawali, ya rubuta laƙabi a inda ake rubuta suna. To ki sauke fushin daga kansa, don ba shi ba ne, ni ce.

Ga yadda aka yi. Lokacin kina goye, kin kusa yaye. Na sayar da ayar da na tara tun kaka, Allah ya sa ta yi kuɗi, na kai banki. Malam Lawali a lokacin akawu ne a wurin, shi ke karɓar ajiyata. Ya ba ni labarin wani kamfanin tarho na wata ƙasa maƙwabciya da ake sayar wa jama'a hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Abijan, ya ce duk wanda ya saya yana da ɗan rabo a kamfanin, kuma duk shekara a ba shi nasa kason na riba. Ban gane rabin bayaninsa ba. Abin da na gane shi ne mutane ba za su daina son magana ba, musamman mutanen Maraɗi. Na ce ya saya, amma da sunan yarinyar da ke bayana.

Ya ɗauki biro ya tambaye ni sunanki. Bankin cike yake da mutane, a layin bayana har da wani ƙanen babanki. Ke kuwa kunya biyu ce a kanki: ga ki ɗiyar fari, ga shi sunan kakarki ta Tibiri aka sa miki, surukata, wadda ko mai irin sunanta na gamu da ita a kasuwa sai in kira ta da wani abu dabam. Na sunkuyar da kai na ce Uwani. Ya tambaya ko shi ne na yanka. Na ce haka dai muke kiranta. Ba a yi miki takardar haihuwa ba tukuna, sai da za a sa ki lakwal, wato makaranta, babanki ya je ya yi, saboda haka babu abin da Malam Lawali zai duba. Ya rubuta abin da uwa ta faɗa masa.

Bai bar ni na huta ba kuwa. Tun ranar da ya ji sunan da ake kiran ki da shi a lakwal, duk shekara sai ya tuna mini. Yakan ce, "Hajiya, a gyara sunan ga tun muna raye." Ni kuma in ce sai bayan kaka, in kaka ta wuce in ce sai bayan Salla. Gaskiyar ita ce ya gaya mini gyaran na bukatar in tsaya gaban hukuma in shaida da bakina cewa Uwani da mai wancan sunan mutum ɗaya ce, ni kuwa na gwammace in ɗauki buhun gero a ka daga nan zuwa Jiratawa. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Da Allah ya ɗauki raina da nasa kafin yau, da kin tsaya a ƙofar gidan nan na dillanci da katinki a hannu kina rantsuwa, su kuma suna cewa ki kawo Uwani. Wannan tunanin shi ya hana ni sukuni tun ranar da amsar nan ta dawo.

Saboda haka nasihata ta farko ke nan. Duk inda za a rubuta dukiyarki, ki ba da sunanki cikakke, yadda yake a katinki, a banki da gidan dillanci da wurin aiki duk iri ɗaya. In kin ga an yi kuskure ki sa a gyara a ranar, kada ki ce sai bayan Salla. Mutanen da suka san ki da fuska suna tsufa, suna ajiye aiki, suna mutuwa, wanda zai zo bayansu kuwa abin da ke rubuce kawai ya sani.

Nana ta kuma ce mini kin kawo shawara: tunda sa hannuna ne a kan kwantin tun kina yarinya, in sa a sayar da komai kawai a ba ki kuɗin, ki je Yamai ki sake saye da sunanki, a huta da zirga-zirga. Da na ji haka sai da na ajiye tasbahata. Wannan hanyar na taɓa bin ta, kuma har yau in na tuna sai in ji ɗaci a bakina.

Kina aji uku ko huɗu lokacin. Ni ma ina da nawa hannun jarin a wurin Malam Lawali, ban da naki. Sai ga wani saurayi daga Yamai, da kwat da mota mai sanyi, yana bi gida gida wurin alhazan Maraɗi yana tallan nasu gidan dillancin. Ya zo mini da kalanda da fulas mai tambarin gidansu, yana ta kira na Mama, ya ce mace irina ba ta dace da ƙaramin biro, wato ofis, mai fanka ɗaya ba. Bakinsa kamar an shafa masa zuma. Kafin ya sha ruwan da aka kawo masa na riga na yanke shawarar komawa wurinsu.

Sai dai ta yaya zan dubi Malam Lawali in ce masa zan bar shi? Mutumin da ya zo sunan Nana, ya zo gaisuwar mahaifina har Jiratawa a kan babur cikin ruwan sama. Kunya ta hana ni. Sai na je na ce masa kuɗi nake so da gaggawa, zan sayi aya kafin ta tashi, ya sayar mini da nawa duka. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce farashi a ƙasa yake yanzu, kuma saura 'yan makonni a yi rabon riba, in jira mana. Ya ce in akwai wata damuwa in faɗa masa. Na ce babu, aya ce dai. Ya sayar, gidansu ya cire ladansa kamar yadda aka saba.

Kuɗin suka shigo banki, ni kuma da halin 'yan kasuwa na son ganin abu a hannu, na je na ciro su na kawo gida, wai zan aika wa saurayin nan da kaina. Ke kin san garin nan. Kafin ɗan kabu-kabu ya sauke ni daga babur ɗinsa a ƙofar gida labari ya riga ni shiga. Kawunki na Jiratawa ya zo, injin ban ruwansa ya lalace ga tattasai yana bushewa, kuma gaskiya ne ya lalace. Aka kawo goron biki gida biyu, kowane da ankonsa. Wata ƙawata ta dawo da leshi daga Kano, ta ce in na bari ya wuce ba zan sake ganin irinsa ba. Babu wanda ya sace mini ko dala, kowace fita da dalilinta mai kyau. Ranar da na tashi aikawa, abin da ya rage ya ba ni kunya. Kafin nan kuma an yi rabon ribar babu ni a ciki, farashi ya hau, sabon gidan ma ya cire nasa ladan saye. Na sayar da abu da arha, na sake sayen shi ɗin dai da tsada, kuma abin da na samu bai kai wanda na saki ba.

A Jiratawa, in za mu yi dashen tattasai, mahaifina yakan sa a haƙa ramin a jiƙa shi tukuna kafin a taɓa irin, sannan a ɗebo shi da ƙasarsa, ba a kakkaɓe saiwar. Wanda aka kakkaɓe ya sha iska, ko ya kama sai ya yi jinya. Haka nake so ki yi da hannun jarinki. Ramin kin riga kin haƙa, tunda kin buɗe kwanti a can. Saura a ɗauke su yadda suke, gida ya miƙa wa gida, kamfani kaza guda kaza, ba tare da sun zama kuɗi a hanya ba. Ranar da suka zama kuɗi a hannunki, ranar za ki san yawan danginki na Yamai, kuma ke ma zuciyarki za ta tuna miki da firiji da kujeru.

Zamana a sabon gidan bai yi daɗi ba, kuma ba zan ce sun cuce ni ba. Ni ce ban tambayi komai ba, na tsaya kallon fulas. Ashe duk bayan 'yan watanni akwai kuɗin ajiya da suke cira, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Saurayin nan bai shekara ba ya bar aikin, wayarsa ta daina shiga, wanda ya gaje shi kuma bai san ni ba, in na kira sai ya yi ta zuba mini Faransanci. Da na gaji na ce zan fita, suka nuna mini inda na sa hannu cewa akwai kuɗin fita, kuma kowane kamfani da nasa. Na biya ina ƙunƙuni, ba ni da wanda zan kai ƙara sai kaina.

Don haka kafin kayanki su isa wurin mutanen nan na Yamai, ki zauna da su ki yi tambaya irin ta ƙauyawa, kada karatunki ya sa ki ji nauyin cewa ba ki gane ba. Ki tambayi ladan saye da na sayarwa, ki tambayi kuɗin ajiya, ki tambayi kuɗin fita tun ranar shiga. Ki ce su nuna miki izinin da hukumar kasuwar ta ba su, gidan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wayar nan da kike yabo tana da kyau, amma ki san sunan mutum ɗaya mai rai a gidan da inda yake zama, wanda in abu ya rikice za ki je ki yi masa sallama ya amsa. In sun ce ki sayar da wannan ki sayi wancan, ki tambayi abin da kamfanin yake sayarwa, kada ki wayi gari kina da rabo a abin da ba za ki iya sawa a bakinki ba. Kuma ki tuna duk juyin da aka yi da kayanki su suna da lada a ciki, ko kin ci riba ko kin faɗi.

Da na rasa inda zan nufa, Malam Lawali na koma wa. Na shiga biron nasa ina ta kame-kame, ina shirya wata ƙaryar a raina. Bai bar ni na wahala ba. Ashe tun makon farko ya sani, don masu sana'ar nan ba su da yawa, duk sun san juna. Ya jawo mini kujera, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce, "Hajiya, da kin hwaɗa mani tahiya za ki yi, ni da hannuna zan rubuta maki takarda, in tura masu kayanki yadda suke, ko guda ba ta ɓacewa. Barin gida ba laihi ba ne. Abin da ya yi mani ciwo, kin ɗauka ban isa a yi mani sallama ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kunyar da na gudu tun farko ba ta kai rabinta ba. Ki riƙe wannan. In za ki bar mutum, dillali ne ko mai gidan haya ko uban gida a wurin aiki, ki fita ta ƙofa, ki gaya masa gaskiya, ki yi godiya. Ƙaryar da ake yi don a kare fuskar wani, yawanci tamu fuskar muke karewa, kuma ranar da ta fito ta fi gaskiyar zafi.

Akwai ƙaramin kuskure da na ƙara a kan wannan, shi ma ki ji. Cikin haushi, ranar da na ba da umarnin a dawo da kayana, a ranar na sa aka rufe kwantina na can, ban jira na ga sun sauka ba. Kayan suna hanya aka yi wani rabon riba, kasona ya tafi kwantin da aka rufe, ya rasa mai karɓa. Sai da na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai har sau biyu kafin ya fito, kuɗin mota da na masauki suka cinye kusan duka. An ce kada ka ga hadari ka zubar da ruwan tulunka. Ki bar tsohon kwantin a buɗe sai sabon gidan ya ba ki takardar abin da ya iso, ki ajiye ta kusa da ta Malam Lawali ki duba kamfani bayan kamfani, in sun yi daidai sannan a rufe. Ki tambaye shi watan da rabon riba ke faɗowa, don kada ƙaurar ta haɗu da shi. Ki kuma sani abin yana ɗaukar makonni, kuma muddin kayan suna hanya ba za ki iya sayar da ko ɗaya ba, saboda haka kada ki sa rai da su a kuɗin hayar farko. Wannan babanki ya ce shi zai biya, ki bar shi ya biya, yana son a san shi ma ya yi wani abu.

Yanzu bari in gaya miki dalilin da ya sa ban so a sayar da naki, ban da maganar asara. Wannan ne ya fi mini wuyar rubutawa.

Ranar da aka yaye ki, kakarki ta zo ta ɗauki takwararta zuwa Tibiri, kamar yadda ake yi. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban sa ran a tambaye ni ba. Na haɗa miki kayanki na miƙa, har da dariyata, don uwar da ta yi kuka a kan ɗiyar fari ta zama abin zance a unguwa. Sai da motar ta sha kwana na shiga ɗaki. Bayan nan na ƙirƙiro wa kaina sana'ar zuwa kasuwar Tibiri, wai ina duba farashin hatsi, alhali hatsin Maraɗi ya ishe ni. In biya gidan in durƙusa in gaida surukata, in tambayi lafiyar awaki da ta maƙwabta, in tambayi kowa ban da ke. Kina can gindin bishiyar bedi kina wasa da ƙasa, ina satar kallonki ta gefen mayafi. Wata rana kin faɗi kin fasa gwiwa a gabana, kakarki ce ta ɗauke ki, ni kuwa na ci gaba da zancen tsadar wake kamar ban gani ba.

Duk ranar da na dawo daga Tibiri ban taɓa ki ba, sai in ce wa mai mota ya sauke ni wurin Malam Lawali, in kwance bakin zane in ba shi abin da ya samu, in ce a ƙara wa yarinyar nan. Wani lokaci da yawa, wani lokaci abin da ko guda ɗaya ba zai saya ba sai ya ajiye ya haɗa da na gaba. Ribar da ake rabawa ban taɓa cin ko dala a ciki ba, in ban da zakkar da ake fitarwa, komai a mayar yake. Har ya taɓa yi mini ba'a, ya ce in na ci gaba da zuwa Tibiri haka, ɗiyar nan za ta saye kamfanin tarhon gaba ɗaya. Ko lokacin da na sayar da nawa don haukar fulas, naki ban bari an taɓa ba.

Da kakarki ta rasu kika dawo gidan nan kina budurwa, kin tarar ina wasa da Nana, ina yi mata kitso, ke kuwa sai dai in ce a ba waccan abinci. Na ji abin da kika taɓa gaya wa Nana, cewa ita ce 'yar gida, ke baƙuwa ce. Ya yi mini ciwo ƙwarai. To ga amsar yau. Abin da ke cikin kwantin nan duk zuwa Tibiri ne. Shi ya sa nake so ya bi ki yadda yake, kada a mayar da shi takardun kuɗi da za su shige aljihun mai firiji.

Jiya na yi abin da na yi shekara da shekaru ina gudu. Na aika wa Malam Lawali, ya zo da sandarsa, muka tafi kotu da takardar haihuwarki da takardunsa. Akwai shaida da suke bayarwa cewa suna biyu na mutum ɗaya ne, in an sami masu shaida. Wadda ta karɓe mu yarinya ce, ba za ta girme ki ba. Malam Lawali ya faɗi nasa tiryan-tiryan. Sai ta juyo gare ni ta tambayi mece ce Uwani a wurina. Na ce ɗiyata ce. Ta ce mene ne sunanta na yanka. Na tura mata takardar haihuwar da ɗan yatsa, na ce ga shi nan a rubuce. Ta yi murmushi, cikin ladabi ta ce, "Inna, takarda na gan ta. Shaida da baki a ka yin ta."

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam Lawali, Allah ya saka masa da alheri, ya juya fuskarsa wajen taga kamar yana ƙirga 'yan kabu-kabu. Na dubi ƙasa na ce Habsatu. Fankar ɗakin tana da ƙara, yarinyar ta ce ba ta ji ba, in ɗaga murya. Na sake faɗa da ƙarfi, har wani tsoho da ke jiran layi ya waigo. Rufin bai faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Abin da na ji kawai shi ne sunan yana da daɗi a baki, kuma na yi baƙin cikin shekarun da na hana kaina shi. Kakarki, Allah ya jiƙanta, na tabbata da tana nan da dariya za ta yi mini, don ita ma babanki ɗan farinta ne, ta san abin.

Ba na ce miki kunya banza ce ba. Ita ta riƙe gidajenmu, kuma ina so a san ki da ita a Yamai, gaban manya da surukai in Allah ya kawo su. Amma ki san inda za ki ajiye ta. Kada ki shiga da ita wurin da ake rubuta dukiya, kada ki shiga da ita wurin likita. In Allah ya ba ki naki ɗan farin, ki yi masa kara gaban mutane yadda aka saba, amma in kun shiga ɗaki ki kira shi, ki ɗora shi a cinya, kada ya girma yana tambayar ƙanensa ko shi baƙo ne.

Takardar tana can an gama, sa hannunki kawai take jira. Gobe da hantsi za mu je tare ki sa hannu ki karɓa, a yi fotokopi, ɗaya ki riƙe, ɗaya Malam Lawali ya aika tare da umarnin ƙaurar, ya ce shi ne aikin ƙarshe da zai yi kafin ya miƙa makulli. Daga nan ki zauna ki yi masa sallama ta kirki. Na sayi turare da goro, suna cikin kwandon da ke kan firijina, ke za ki miƙa da hannunki. Ki ba shi haƙuri kan maganar tsufan nan, don tunda Nana ta ji, ki ɗauka ya ji. Mutumin nan ya riƙe miki amana tun ba ki san kanki ba, kuma ko sau ɗaya bai gaya wa kowa abin da ke kai ni wurinsa in na dawo daga Tibiri ba.

Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da mai daɗin baki da mugun nufi. Allah ya sa albarka a aikinki da abin da kika mallaka, ya sa kayanki su sauka cif kamar yadda suka tashi. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira, ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duk abin da kika yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe mini.

Kada ki aiko Nana da amsa. Gobe da safe, in kin ji an kira Habsatu daga ɗakina, kada ki tsaya waige-waige kina neman mai kiran. Ni ce, ki amsa ki shigo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.